Mai Gadin Ƙofarka, Nawa Ke Isa Hannunsa?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili a jaridarku in amayar da abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ina kuma roƙon a sakaya sunana, domin har yau ina bakin aiki, kuma bakuna tara ke jiran albashina a gida.

Ni mai gadi ne. Shekarata 19 ke nan a wannan aiki a Abuja: 13 a bakin get, 6 kuma ina sufabaiza, wato mai zagaya wuraren da kamfani ya ajiye mutane don ya ga kowa na bakin aikinsa. Na yi gadi a banki a Wuse, na yi a gidan wani babban mutum a Asokoro, na yi a ma'aikatar gwamnati, na yi a rukunin gidaje a Gwarimpa. A Masaka nake zaune, cikin jihar Nasarawa, kamar yawancinmu da ke tsaron Abuja amma ba mu da ƙarfin kama haya a cikinta.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne wani taro da aka yi kwanakin baya a wani otal, aka tura ni da yara huɗu mu tsare ƙofa. Taron a kan walwalar ma'aikata ne. Ƙofar zauren a buɗe take, don haka na ji yawancin abin da aka faɗa: ma'aikaci na buƙatar hutu, damuwa na cinye lafiyar mutum, shugaba ya riƙa sauraron na ƙasa da shi, wanda hankalinsa ke kwance ya fi iya aiki. Wallahi duk gaskiya ce, ban ji kalma ɗaya da zan musa ba. Amma yaran nan huɗu tun ƙarfe shida na safe suke tsaye, ɗayansu ko karyawa bai yi ba, kuma da aka zo rabon abinci babu su a lissafi, saboda su ba ma'aikatan otal ba ne, ba kuma na masu taro ba. Na san ba da mugunta aka yi ba. Ba a gan su ba ne kawai, alhali kowa ta gabansu ya wuce.

Dattawan da na tarar a aikin nan sukan ba mu labarin lokacin da mai gadin ma'aikata yake cikakken ma'aikacin gwamnati, da lambarsa da fanshonsa. A gyare-gyaren da aka yi zamanin Obasanjo aka cire ƙananan ma'aikata irin masu gadi, masu shara, masinjoji da direbobi daga lissafin gwamnatin tarayya, aka miƙa aikin ga 'yan kwangila. Yau in ka shiga ofis a Abuja, na gwamnati ne ko banki ne, da wanda ya buɗe maka get, da wadda ta goge tebur, da wanda ya kawo shayi, da wuya ka samu ɗaya a cikinsu ma'aikacin wurin ne. Wurin yana biyan ɗan kwangila, ɗan kwangila yana biyanmu. In ka kai kuka ga mai wuri, ya ce je ka ga kamfaninku. In ka je kamfani, a ce mai wuri bai biya ba tukuna. Sai ka zama jemage, ba ka cikin tsuntsaye, ba ka cikin dabbobi.

Wata rana an aike ni kai takardar neman biya wani ofis, ambulan ɗin a buɗe. Na ga abin da ofishin ke biya a kan kowane mai gadi a wata, kuma na san abin da ke shiga asusun yaran, domin ni suke kawo wa ƙorafi. Bai kai rabi ba. Na san kamfani na da ɗawainiya: inifom, hayar ofis, haraji, lasisi, man motar sintiri, har da albashin irina. Ba na cewa ɗan kwangila ya yi aiki kyauta, shi ma nema ya fito. Amma wanda ya kwana a tsaye cikin sauro, a ce rabin abin da aka biya don kwanansa bai isa hannunsa ba, wannan ba riba ba ce, cin gumi ne. Kuma shugaban ofishin da ke sa hannu a takardar nan duk wata, na tabbata bai taɓa tambaya ba.

A watan Yulin 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, bayan 30,000 ɗin da aka sa a 2019. Dokar ta ɗauke wa wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, amma kamfanin gadi mai ɗaruruwan mutane ba ya cikin waɗanda aka ɗauke wa. Duk da haka na san yara a cikin garin nan, a unguwannin da ake hango Dutsen Aso, waɗanda har yanzu 40,000 ko 45,000 suke karɓa. Shi ma sai goma ga wata, wani lokaci sha biyar, lokacin mai shago ya daina ba ka bashi, mai haya kuma ya daina amsa gaisuwarka.

Bari in gaya maka yadda yinin mai gadi yake, Malam Edita. Wanda zai karɓi aiki ƙarfe shida daga Masaka ko Mararaba, ƙarfe huɗu yake fita, don in ya makara cunkoson Nyanya zai riƙe shi. Sallar asuba a bakin hanya ake yin ta. Aikin awa 12 ne, kwana shida a mako, awa 72 ke nan, ban da awa huɗu ko biyar na zuwa da dawowa. Kafin a cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, lita ba ta kai naira 200 ba; cikin 'yan kwanaki ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Kuɗin mota ya bi ta. Da na lissafa wa wani yaro abin da yake kashewa a hanya a wata, sai muka ga kusan rabin albashinsa ne. Shi ya sa da yawa suka daina komawa gida. Suna shimfiɗa kwali a bayan ɗakin gadi, sai ƙarshen mako, wasu sai ƙarshen wata. Akwai wanda ya ce mini ɗansa na goye ƙyuya yake yi masa in ya je gida. Ya faɗa yana dariya, amma idonsa ya kawo ruwa.

In mai karɓarka bai zo ba, ba ka da ikon barin get. Ka yi rana, ka zarce dare, ka sake ganin wata safiyar a tsaye. Ba a biyan wannan ƙarin. Ɗakin gadi kuwa a wurare da yawa kusa da janareta ake gina shi, hayaƙi da ƙara dare da rana. Akwai inda aka hana mai gadi zama, wai kujera na kawo barci. Akwai inda aka hana shi shiga banɗakin cikin gida, ba a kuma gina masa nasa ba, sai ya riƙe ko ya nemi kango. Ni kaina jijiyoyin ƙafata sun kumbura tun ina ɗan shekara arba'in, hawan jini kuwa sai da na yanke jiki na faɗi a bakin aiki sannan aka gano ina da shi. A shekara 19 ba a taɓa auna jinina da sunan aiki ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wani yaro ɗan Gumel, shekarunsa ba su wuce 24 ba. A wani rukunin gidaje yake, get ɗinsu irin na ƙarfe mai nauyi da ake turawa a kan layi. Sau uku ina rubutawa a rahoto cewa tayar get ɗin ta cinye. Ranar da ake ruwa ya zo turawa, get ya sauka daga layi ya faɗo masa a ƙafa, ƙashi ya karye wuri biyu. Masu gidajen suka ce ba ma'aikacinsu ba ne. Kamfanin da nake yi wa aiki a lokacin ya biya kuɗin hoto da kwanan asibiti na dare ɗaya, daga nan aka ce babu aiki, babu biya. Muka yi karo-karo, wannan dubu ɗaya, wancan dubu biyu, muka sa shi a mota zuwa gida wurin mai ɗori. Ƙafar ta haɗe a karkace. Get ɗin kuwa washegari aka gyara shi.

Sai bayan fiye da shekara, wani lauya da nake yawan gani a wani ofis ya tsaya muka yi hira, na ba shi labarin. Ya riƙe baki. Ya ce tun 2010 akwai dokar biyan diyya ga ma'aikaci, hukumar inshorar ma'aikata ta gwamnatin tarayya, wato NSITF, ke kula da ita. Mai kamfani ne zai riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya, kuma ba shi da ikon cire ko kwabo daga albashin ma'aikaci don wannan. In mutum ya ji rauni a bakin aiki, ya sanar da mai aikin cikin kwana 14, mai aikin ya sanar da hukumar cikin kwana 7, a nemi diyya cikin shekara guda. Har hatsarin da ya same ka a kan hanyarka ta zuwa aiki ko ta komawa gida yana ciki. Ni da nake shugabansa, ni da na rubuta rahoto sau uku, ban san da wannan ba. Da na sani, ko ban iya komai ba, da na san ƙofar da zan ƙwanƙwasa.

Daga nan na sa 'yata da ke karatu a jami'a a Keffi ta nemo mini Dokar Ƙwadago a waya. Dare uku muka yi tana karantawa tana fassara mini, ina rubutawa a littafin rahoto. Sashe na 7 ya ce cikin wata uku da kama aiki a ba ka takarda a rubuce, mai bayyana aikinka, albashinka, lokutan aiki da hutunka. Na yi aiki a kamfani huɗu, ɗaya ne kaɗai ya ba ni irin wannan takarda. Sashe na 13 ya ce wanda ya yi awa shida ko fiye yana da hutun da bai gaza awa ɗaya ba a cikin yinin, kuma a kowane kwana bakwai yana da yini guda cur, awa 24 a jere. Sashe na 16 ya ba ka har kwana 12 na jinya a shekara da albashinka, in likita ya tabbatar. Sashe na 18 ya ba ka hutun shekara na aƙalla kwana shida na aiki. Kwana shida ba wani abin kirki ba ne, ko zuwa Katsina ka gaida tsohuwa ka dawo da kyar zai isa, amma akwai wanda ya shekara takwas bai samu ko su ba. Sai dai dokar tsohuwa ce, tun zamanin soja, tarar da ta tanada wa wanda ya karya waɗannan sassa, 'yan ɗaruruwan naira ce. Wa zai ji tsoron tarar da ba ta kai kuɗin kwanon shinkafa ba? 'Yan majalisarmu na Abuja, da mu ke buɗe musu get, ya kamata su sabunta ta.

A cikin karatun nan na ci karo da laifin kaina. Sashe na 5 ya hana yankar albashin ma'aikaci da sunan tara yadda aka ga dama. Ni kuwa na sha rubuta sunan yaro don na same shi yana gyangyaɗi ƙarfe uku na dare, a yanke masa dubu biyu ko uku, alhali na san tun jiya da safe yake tsaye don mai karɓarsa bai zo ba. Haka aka koya mini, haka na yi shekara da shekaru. Waɗanda na iya samu na nemi gafararsu. Yanzu in na tarar da mai awa 24 yana barci, sai in zauna a madadinsa awa ɗaya, a rahoto kuma in rubuta cewa ba a turo mai karɓa ba, tunda shi ne gaskiyar abin da ya faru. An kira ni ofis a kan haka sau biyu.

Mata abokan aikinmu, masu shara da masu binciken jaka a ƙofar banki da manyan kantuna, nasu ya fi namu. Doka ta ba mai ciki mako shida kafin haihuwa da mako shida bayanta, da aƙalla rabin albashi in ta yi wata shida a wurin, da rabin awa sau biyu a yini don shayarwa. Abin da ke faruwa shi ne mace na ɗaure cikinta da bel har wata shida, don ta san ranar da aka gane, ranar za a ce ta je ta huta, kuma wannan hutun ba a dawowa daga shi. Batun fansho ma haka: dokar 2014 ta ce mai aiki ya zuba kashi 10, ma'aikaci kashi 8. Ana cire wa wasu kashi 8 ɗin duk wata, in suka je duba asusun sai su tarar wayam.

Kada a ce kuka kawai na zo yi. Na ga inda aka gyara, kuma ba da wani kuɗi mai yawa ba. Wata Hajiya ce, shugabar wata makaranta mai zaman kanta a wajen Kubwa. Da aka kawo mata kwangilar gadi ta sabunta, sai ta kira masu gadin nan shida ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi kowa nawa yake karɓa da ranar da yake karɓa. Daga nan ta ce wa manajanmu ba za ta sa hannu ba sai an rubuta a cikin yarjejeniyar abin da zai isa hannun kowane mai gadi, da ranar biya, kuma duk wata a kawo mata shaidar banki kafin ta biya na gaba. Ta nemi ganin takardar NSITF da ta fansho. Ta ƙara ɗan abu a kan abin da take biya don a samu mutum na bakwai mai karɓar hutu. Ta sa aka buɗe taga a ɗakin gadi, aka sa gidan sauro da fanka da kujeru biyu, aka ba su mabuɗin banɗaki, aka sa su cikin abincin rana na malamai. Manajan ya yi gunaguni, amma bai bar kwangilar ba, domin har yanzu da ribarsa a ciki.

Shekara uku ke nan ba wanda ya bar wurin, alhali a wasu wuraren duk wata biyu sai na kai sabuwar fuska. Sun san kowane yaro da wanda ke zuwa ɗaukarsa. Ranar da wani baƙo ya zo da sunan kawun wata yarinya, mai gadin ne ya tsare shi a get har aka kira uwar, saboda ya san duk masu zuwa ɗaukarta. Sabon zuwa mai yunwa, wanda rabin hankalinsa na wurin mai haya, ba zai lura da wannan ba. A can ne kuma na ga tsarin da ya burge ni: Musulmi na karɓar wa Kirista ranar Lahadi, Kirista na karɓar wa Musulmi lokacin Juma'a, da azumi kuma su tsaya a get har a sha ruwa. Su suka tsara abinsu, ita dai ta amince ta rubuta.

Don haka kirana na farko ba ga gwamnati yake ba. Ga kai ne mai karatu, in kana da mai gadi a gida, ko kana shugabantar ofis, ko kana cikin kwamitin rukunin gidajenku, ko kwamitin masallaci ko coci. Kai ke biya, don haka kai ɗan kwangila ke jin maganarka fiye da ta kowa. Ka tsaya gobe da safe ka tambayi wanda ya buɗe maka ƙofa: nawa ke isa hannunka, yaushe, kuma yaushe rabonka da kwana a gida? Da farko zai ce maka lafiya lau, ranka ya daɗe, domin yana tsoro. Ka sake tambaya. Malamanmu kullum suna karanta mana hadisin da ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. Ban ji inda aka ce in ka bi ta hannun ɗan kwangila nauyin ya sauka daga kanka ba.

Hukumar sibil difens ita ke sa ido a kan kamfanonin gadi masu zaman kansu, da hannunta a lasisinsu. Ina roƙonta, kafin a sabunta wa kamfani lasisi, a nemi shaidar biyan albashi da ta fansho da ta diyya, kuma a tambayi masu gadin su kaɗai, ba a gaban manaja ba. Jami'an duba wuraren aiki na Ma'aikatar Ƙwadago kuwa, a shekara 19 ban taɓa ganin ɗaya ya leƙo ɗakin gadi ba, ga shi kuwa mu ne farkon waɗanda zai tarar in ya zo. Ƙungiyoyin ƙwadago, NLC da TUC, duk ranar 1 ga Mayu suna maci a Dandalin Eagle, mu kuma muna tsaron motocinsu. Yawancinmu ba mu cikin kowace ƙungiya, wanda ya fara zancen kafa ta kuwa sai a tura shi wuri mai nisa har ya gaji ya ajiye aikin. Su zo inda muke, su yi mana bayani da Hausa, tunda da yawa cikin masu gadin garin nan ita suka fi ji.

Kai kuma Malam Edita, ga abin da nake nema a wurinka. Ka sa wani lauya ya fassara waɗannan sassa na Dokar Ƙwadago da dokar diyya zuwa Hausa mai sauƙi, a buga a shafi guda, tare da bayanin inda mutum zai kai ƙara da abin da zai riƙe a hannu in zai je. Wurare 11 nake zagayawa kowane dare. In kun buga, zan yi hoton shafin da kuɗina, in manna a bangon kowane ɗakin gadi a cikinsu, in kuma aika wa yaron nan na Gumel guda ɗaya, ko akwai abin da za a iya yi masa har yanzu.

Wassalam.

Naka,
Wani mai gadi,
Abuja.